Ga masu tambayar me nake yi da tsofaffin faya-fayan katun

Rubutun nan zai yi ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai ya samu ta banza a laburare.

Tun da na sa hoton teburina a satin da ya wuce, mutane iri biyu ke min magana. Na farko masu tsokana ne: wai ƙato da ni, ga gemu, ga digiri na biyu a gaba, na zauna ina kallon katun. Su kam ba ni da ta cewa, in sun gama kallon fassarar Algaita ta awa uku sai mu zauna mu yi zancen ɓata lokaci. Na biyu su ne suka tambaya da gaske: mene ne amfanin faifan DVD a wannan zamani, kuma me ya sa kwamfutata ke kwana tana huci kamar injin markaɗe? Don su na yi wannan rubutun.

Da farko dai, faya-fayan nan ba irin waɗanda muka taso da su ba ne, masu "ashirin a ɗaya" da ake turawa a baro, a cusa Naruto kashi sittin a faifai guda har fuskar kowa ta koma kamar hoton da ya kwana a ruwa. Waɗannan na asali ne, bugun Amurka, irin waɗanda ke shigowa cikin kayan gwanjo tare da tsofaffin littattafai. Tun zuwana Ibadan nake tsintar su ɗaya-ɗaya, yanzu sun kai 38. A ciki akwai Fullmetal Alchemist na 2003 cikakke, kashi 51 a faifai 13, da Cowboy Bebop na 1998 wanda faifai ɗaya cikin shida ya ƙi samuwa har yau.

Mu a gida ƙura muka sani. Ka goge faifai da gefen riga, shi ke nan. A nan kuwa danshi ne abokin gaba, wanda ya taɓa barin takalmi a ƙarƙashin gado sati biyu cikin Yuli ya san abin da nake faɗa. DVD roba biyu ce aka manna, kowace kaurinta milimita 0.6, da siririn ƙarfe mai ƙyalli a tsakaninsu. In mannin ya saki daga baki, iska da danshi su shiga, ƙarfen ya fara ci. Za ka ga wani tabo kamar an ɗiga shayi a ciki, ka goge ka goge ba ya fita, don ba a waje yake ba. A daminar bana faifai uku suka tafi a haka, ba ƙarzuwa ko ɗaya a jikinsu. Na huɗu yana kan hanya, zan zo kansa.

Na san wani zai ce ai komai yana intanet. Yana nan yau. Kamfanin Funimation da ya buga Fullmetal ɗin nan, lasisinsa a kan fim ɗin ya ƙare tun 2016, ya daina bugawa. A watan Afrilun 2024 aka rufe manhajarsa gaba ɗaya bayan an haɗe shi da Crunchyroll, kuma kwafin intanet da mutane suka samu tare da faya-fayan da suka saya da kuɗinsu bai bi su sabon gidan ba. Wanda ke da faifai a hannu shi ne bai yi asara ba. To amma faifan ma ga shi yana ruɓewa. Shi ya sa nake kwashe abin da ke ciki.

Kwashewar ce ba ta da sauƙi yadda ake zato. In ka sa DVD a kwamfuta ka buɗe, ba za ka ga kashi na ɗaya, kashi na biyu a jere ba. Folda guda za ka gani mai suna VIDEO_TS, cikinta fayiloli iri uku: VOB, IFO da BUP. VOB su ne naman, hoto da sauti da rubutun ƙasan allo duk a cuɗe, an yayyanka su gunduwa-gunduwa, ba wadda ta wuce giga 1. Yankan ba ruwansa da inda labari ya tsaya, yana iya faɗowa a tsakiyar maganar mutum. IFO ɗan mitsitsin fayil ne, amma shi ne ɗan jagora. Shi ya san daga ina kashi na biyu ya fara, wane sauti ne Japananci, ina za a tsallake. BUP kuwa kwafin IFO ne kawai. Tun 1996 da DVD ya fito a Japan, waɗanda suka tsara shi sun san in ɗan fayil ɗin nan ya lalace an shiga uku, sai suka ajiye shi sau biyu.

Faifan fim na yau da kullum abu ɗaya ne dogo, ka ɗauko ka wuce. Na anime kuwa kowane kamfani da irin shirinsa. A wani faifan kowane kashi yana da taitil nasa, sannan a ƙara wani dogon taitil mai kunna su duka a jere, wanda in ba ka lura ba sai ka kwashi abu ɗaya sau biyu. A wani kuma taitil ɗaya ne tal mai minti 100, sai ka bi babi-babi ka raba da kanka. Sa'ar da aka yi, kashin anime yana da tsari kamar darasi: waƙar buɗewa ta minti ɗaya da rabi, rabin farko, rabin biyu, waƙar rufewa, sai ɗan tallan kashi na gaba, jimla wajen minti 24. In ka ga babi 20 a faifai mai kashi huɗu, ka san biyar-biyar ne. Amma fa a duba da ido. Wani kashin yana fara labari kafin waƙa, lissafin ya goce. Kuma lambar taitil ba ita ce lambar kashi ba, na sha ganin faifan da taitil na biyu tallan wani fim ne daban.

Yanzu ga inda na fi so mu tsaya, maganar kusurwa.

Tsarin DVD ya ba da damar a sa sauti har kala 8, rubutun ƙasa har kala 32, da kusurwar kallo har 9. Manufar kusurwa ita ce a wasan mawaƙa ko na ƙwallo ka danna rimot ka koma kallo ta wata kyamarar, sauti bai tsaya ba. Kusan ba wanda ya yi amfani da ita, maɓallin yana nan a rimot yana shan ƙura. Sai masu buga anime a Amurka, musamman Funimation a shekarun 2000, suka samo mata wani aiki. A waƙar buɗewa da ta rufewa akwai sunayen waɗanda suka yi aikin. Sai su sa kusurwa ɗaya da sunayen cikin rubutun Japananci yadda aka nuna a talabijin a can, ɗayar kuma da jerin da aka mayar Turanci. Zane ɗaya, waƙa ɗaya, rubutun da ke kai ne ya bambanta.

A jikin faifan, kusurwoyin nan ba a jere suke ba, a tufke suke kamar igiya: guntun ta farko, guntun ta biyu, guntun ta farko, haka har waƙar ta ƙare. Na'ura tana bin umarnin IFO, ta ɗauki nata ta tsallake na ɗayar, kai ba ka ma sani ba. Wani maƙwabcina a hostel, ɗan injiniya ne ma, ya ce duk wannan dogon Turanci ne. Ya ari faifai ɗaya, ya jawo VOB ɗin kai tsaye ya haɗe su. Da ya kunna sai waƙar ta kama in'ina, kowane guntu sau biyu, sau ɗaya da Japananci sau ɗaya da Turanci, minti ɗaya da rabi ya koma uku. Ya dawo min da faifan yana cewa ya lalace. Lafiyarsa ƙalau, ɗan jagoran ya bari a baya.

Manhajar da ta san aikinta kuma, irin HandBrake, tana karanta IFO, amma kusurwa ɗaya take ɗauka. Akwai ɗan akwatin zaɓi kusa da na taitil, in ba ka taɓa shi ba ta ɗauki ta farko ta yi gaba. Fayil zai fito tsaf, ba in'ina, ba komai. Ba abin da zai nuna maka cewa akwai wani jerin sunaye da aka bari a faifan da ke ruɓewa a cikin kwali. Wannan ya fi in'inar damuna, don ita in'ina ko ba komai tana sanar da kai akwai matsala.

Ni ban iya karanta rubutun Japananci ba, ban da 'yan haruffa. Amma na san abin da ke cikin jerin nan na ƙarshe. A kowane kashi yana canjawa, don ba mutane ɗaya ke zana kowane kashi ba. Akwai masu zana manyan motsi, akwai masu cike tsakani, waɗanda da yawansu a kan kowace takarda ake biyansu, kuma sananne ne a masana'antar cewa kuɗin ba ya kai wa ko'ina. A faya-fayan da ke hannuna, jerin Turancin ya fi ba masu fassara da masu murya na Amurka fili, su ma haƙƙinsu ne. Amma yaron da ya kwana yana zana gashin wani yana kaɗawa a iska, sau da yawa a kusurwar Japanancin kaɗai sunansa yake.

Saboda haka aikina hawa biyu ne, kuma ba na haɗa su. Hawa na farko, kwafin faifai sukutum, da menu da talla da kusurwoyi da duk tarkacensa, ba a taɓa komai ba. Faifai mai shimfiɗa ɗaya giga 4.7 yake ɗauka, mai biyu 8.5, Fullmetal kaɗai ya ci min sama da giga 80. Wannan yana rumbun ajiya na waje, ba don kallo ba. A Linux ina amfani da dvdbackup, masu Windows kuma har yanzu tsohon DVD Decrypter yana yi wa irin waɗannan faya-fayan aiki, duk da an daina sabunta shi tun 2005. Hawa na biyu shi ne matsewa, daga wancan kwafin nake yi, faifan kansa ya koma kwalinsa ya huta. Duk abin da na zubar a matsewa, ina da inda zan koma in ɗebo.

Gargaɗi ɗaya kafin in wuce. An raba duniya shiyya-shiyya a harkar DVD: Amurka shiyya ta 1, Japan da Turai ta 2, mu nan ta 5. In ka sa faifan Amurka, kwamfuta tana iya tambayarka ko za ka canja shiyyar na'urar. Sau biyar kawai ake canjawa, daga nan ta kulle a kan ta ƙarshe. Kar ka biye mata. VLC da MakeMKV galibi suna karantawa ba tare da an canja komai ba.

A wajen matsewa, abin da ya fi ba mutane wahala shi ne haƙoran mataji. Ana yin anime a kan hoto 24 a sakan, talabijin ɗin Japan da Amurka kuwa kusan 30 yake so, 29.97 in za a bi ƙa'ida. Don a cike giɓin, kowane hoto huɗu sai a miƙe su su zama biyar, ta hanyar haɗa rabin wannan da rabin wancan. A tsohuwar talabijin mai ƙeya ba a gani. A allon kwamfuta kuwa, duk abin da ya motsa sai gefensa ya yi layi-layi kamar mataji, hoto biyu cikin kowane biyar. Maganin shi ne a warware haɗin a koma 24 na asali, a HandBrake sunan abin Detelecine. Mutane da yawa Deinterlace suke dannawa, shi kuma shafe layin yake yi, hoton ya dushe, motsi ya riƙa ɗan tsalle. Wani abin haushin, fina-finan ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000 gauraye ne, zanen hannu yana kan 24, rubutun da ke hawa sama ko wani abin da aka yi da kwamfuta yana kan 30. Shi ya sa ba na tilasta wa fayil gudu ɗaya, ina barinsa ya bi na asali. Kuma inda nake fara dubawa bayan an gama shi ne jerin sunayen ƙarshe, don nan ne ɓarna ke fara nunawa.

Sauran ba su da yawa. H.264 nake amfani da shi, da saitin da aka yi don zane, lambar inganci 19 ko 20. H.265 ya fi matsewa, amma tsofaffin wayoyi da talabijin ɗin ɗakin taro ba sa shiri da shi. Sauti ba na taɓa shi, Japananci da Turanci duka su wuce yadda suke. Rubutun ƙasa yawanci kala biyu ne, ɗaya na duk maganar, ɗaya na alluna da waƙoƙi kaɗai don mai kallo da muryar Turanci. A DVD ba rubutu ba ne na gaske, hotunan rubutu ne, don haka MKV nake zubawa, ya ɗauke su duka a kunna wanda ake so. Kar a ƙona rubutu a jikin hoto, in an ƙona ba ya fita.

Girman hoton 720 ne a 480, kuma duka fina-finan biyu da na ambata an yi su ne don tsohuwar talabijin mai kusan murabba'i. A bar baƙin gefen nan ya zauna lafiya. Mutanenmu akwai son hoto ya cika allo, shi ya sa a gidan kallon ƙwallo kowane ɗan wasa yake komawa gajere mai tumbi. Kuma kumbura shi zuwa 1080 ba ya ƙara komai sai nauyi.

A tsohuwar kwamfutata kashi ɗaya yana cin wajen minti 20, ya fito tsakanin mega 200 da 300. Sai in jera su da daddare in an kawo wuta, in kwanta. Hucin da kuke ji ke nan. Giga 80 da wani abu ya dawo wajen 13. A kwafin kallo kusurwar Japananci na zaɓa, ta Turancin tana can a babban kwafi. Wajen sa suna kuma a fara da sifili, 01, 02, in ba haka ba waya za ta kawo maka kashi na 10 bayan na 1, ka ga mutuwar wanda ba ka ma san shi ba tukuna.

Masu shirin cewa in tura musu, ku yi haƙuri. Faya-fayan da na saya nake ceto wa kaina, ban buɗe shagon turi ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta ma taɓo zancen fasa makullin da ake sa wa irin waɗannan kaya, masu karatun lauya a cikinmu sai su faɗa mana iyakar inda mai kwafin kansa ya tsaya. Wanda ke son kallo ƙofata a buɗe take ranar Asabar bayan la'asar, ya zo da ƙosansa.

Da na ambaci shagon turi, akwai abin da ke cina tun da na fara wannan aikin. Ku je YouTube ku nemi tsofaffin fina-finanmu, irin su Sangaya da Wasila. Abin da za ku tarar yawanci ya bi hannu da yawa: daga kaset zuwa faifan bidiyo, daga faifai zuwa kwamfutar mai turi, shi kuma ya matse shi ya shiga memorin ƙaramar waya, wani ya ɗora a intanet da tambarinsa ɓaro-ɓaro a tsakiya. A kowane hannu ana rage wani abu, kuma abin da ake fara yankewa farko da ƙarshe ne, don a ganin mai turi sunaye cin wuri ne. Jarumai ba sa ɓata, fuskarsu na nan. Wanda ya riƙe kyamara, wanda ya tace, wanda ya buga fiyano, su ne ke tafiya. Daga Turmin Danya na 1990 zuwa yau shekara talatin da 'yan kai ne kawai, iyayenmu sun ga farkon abin da idonsu, amma a ce yau ɗalibi yana son rubuta kundi a kan masu tace fim na shekarun farko, daga ina zai fara? Japanawa suna da kamfanonin da ke ajiye asalin aikinsu, ko faifaina ya ruɓe ba su rasa komai ba, ni ne na rasa. Namu kuwa, wani fim ɗin mai yiwuwa kwafinsa mafi kyau yana cikin kwali a ɗakin wata gwaggo a Gusau ko Azare, tare da kwanukan da ba a amfani da su. In kun je hutu ku duba. Kar ku matse, kar ku yanke, ku kwafe faifan yadda yake tukuna, fim ɗaya a irin wancan faifan bai kai giga 2 ba.

Nawa rumbun ma ba a wuri ɗaya zai zauna ba. Rumbu guda ba ajiya ba ne, faɗuwa ɗaya daga kan tebur ta ishe shi. In Allah ya kai mu hutun ƙarshen zango zan tafi da na biyu gida in bar shi a can, ƙura ta fi danshi mutunci.

Saura faifai na huɗun da na ce zan zo kansa, na tara ne a jerin Fullmetal. Tabon ya fara daga baki yana shigowa. Irin wannan ba a yi masa kwafi na yau da kullum, don da na'ura ta ci karo da wurin da ya lalace sai ta tsaya cak. Akwai wata manhaja, ddrescue, da ke fara kwashe duk inda ke da lafiya, sannan ta dawo ta riƙa lallaɓa wuraren da suka ƙi, tana rubuta inda ta tsaya a wani ɗan fayil. Ko an ɗauke wuta batir ya mutu, daga nan za ta ci gaba. Kwana uku ke nan tana kai, abin da ya rage bai kai mega 6 ba, duk a kashin ƙarshe na faifan, kuma na'urata ta kai iyakarta. Na'urorin karanta faifai ba ido ɗaya gare su ba, inda wannan ta kasa wata tana iya gani, kuma ɗan fayil ɗin zai bar ni in ci gaba da wata na'urar ba sai na koma farko ba. Don haka duk wanda ke da tsohuwar kwamfuta mai cin faifai, ko babbar ta tebur a sashensu da za a iya ba ni awa biyu a kanta, don Allah ya yi min magana kafin Juma'a. In kuma akwai mai zuwa Legas cikin satin nan, a taimaka a duba min ta USB a Computer Village, ko ta hannu ce, in dai ba irin tawa ba ce. Zan tura kuɗin.